Hilux mai fetur, mai gas, ko Tundra? Amsar Alhajin da ke son jan tankin ruwa

Wa'alaikumus salam Alhaji. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya riƙe ni a gareji shi ya sa sai yanzu da dare na samu na zauna. In na fahimce ka daidai gonarka tana wajen Doguwa, bayan kaka kana ɗauko masara zuwa Dawanau, da rani kuma kana so ka riƙa jan tankin ruwa mai lita 2,000 a kan ƙaramar tirela, sai dillalai suka kawo maka motoci uku, Hilux mai fetur mai injin lita 2.7 da Hilux mai gas, wato dizal, mai 2.8 da Tundra 'yar Amurka mai 5.7, kana tambayar wacce ta fi ja, wacce ta fi sauƙin shan mai, wacce kuma ba za ta mai da kai ɗan gidan bakanike ba.

Toh Alhaji bari in fara cire maka Tundra daga lissafi tunda ita ce na san ta fi ɗaukar maka ido. Injin nan mai silinda takwas da Toyota ta saka mata daga 2007 zuwa 2021 inji ne na gaske, doki 381 ne a ciki, kuma a can Amurka an yarda ta ja abin da ya kai tan huɗu da rabi, tankinka ba za ta ma san an ɗaura mata shi ba. Ƙarko ma tana da shi, ba na musu. Amma su Amurkawa a-kori-kurarsu ta ja ce ba ta lodi ba, jirgin ruwa da ɗakin kwana mai taya suke ja da ita a kan kwalta mai faɗi, shi ya sa in ka duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba za ka ga da yawansu nauyin da aka yarda a ɗora musu, har da mutanen da ke ciki, bai kai tan ɗaya ba. Wato wannan ƙatuwar motar Hilux ta fi ta ɗaukar buhu. Ga shan mai, lita 15 zuwa 16 a kilomita 100 ba kaya ba komai, in ka ɗaura tirela kuwa kar ka yi mamaki in ta haura 20 da nisa. Ga faɗi, ta haura mita biyu, a hanyar burtali itatuwa za su yi ta zane maka fenti. In wani abu ya lalace, misali famfon iskar nan nata da ya saba ba da matsala, ba lallai ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ka fito da shi a ranar ba, sai an yi waya kasuwar Ladipo ta Legas ko a jira kwantena. In don zuwa ɗaurin aure ce ka saya abinka, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Don gona dai a'a.

Saura biyu kenan, kuma nan ne maganar take.

Mutane suna yawan tambayata doki nawa ne a injin, alhali ba doki ke jan kaya ba. Kai manomi ne Alhaji, ka san doki ya fi sa gudu, amma ba wanda ke ɗaura wa doki garma in yana da bijimai. A inji ma haka ne, akwai ƙarfin gudu akwai ƙarfin murɗawa, shi wannan na biyun shi ne ke tayar da mota daga tsaye da kaya a bayanta, shi ke hawa da ita tudu, kuma da Nm ake auna shi. Mai fetur 2.7, wanda muke kira 2TR, doki 160 da 'yan kai gare shi, ƙarfin murɗawarsa wajen Nm 245, kuma ba ya ba ka shi duka sai allura ta kai kusan juyi 4,000, wato sai injin yana ihu. Mai gas 2.8 kuwa, 1GD, wanda ya fito a 2015, na farkonsa doki 177 ne da Nm 420 a giyar hannu, 450 a otomatik, daga 2020 suka ƙara shi ya koma doki 204 da Nm 500 a otomatik ɗin. Kuma tun allura na 1,600 ya riga ya ba ka ƙarfin nan. Ka ga kusan ninki biyu kenan, kuma a ƙasa-ƙasa inda ake buƙatarsa.

Na taɓa hawa Hawan Kibo da mai fetur ɗin nan da lodin siminti, daga wajen Akwanga za mu Jos. Giya ta biyu na maƙale a ciki, ƙafata a ƙasa, na kashe AC, ido ɗaya a hanya ido ɗaya a allurar zafi, yaron da ke gefena sai salati yake yi. Ta hau, ban ce ba ta hau ba, amma da kyar da siɗin goshi. Inji marar turbo yana rage ƙarfi in aka hau tudu saboda iskar sama ba ta da kauri, kuma Jos ta kai mita 1,200, to dama ƙarfin ba yawa ga shi an sake yanke masa wani abu. Mai turbo bai cika jin wannan ba, shi da kansa yake cusa wa cikinsa iska.

Yanzu mu auna tankinka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita 2,000 tan biyu kenan cif, ka ƙara ƙarfen tirelar da tankin kansa, irin wanda masu walda ke haɗawa da aksul ɗin tsohuwar mota zai yi wuya ya gaza rabin tan. Tan biyu da rabi. A ƙasashen da ake rubuta wannan lissafin a takarda, iyakar abin da aka yarda mai fetur 2.7 ta ja shi ne tan biyu da rabin nan, mai gas 2.8 mai jan ƙafa huɗu kuma har tan uku da rabi. Wato da mai fetur kullum a bakin iyaka kake, kuma su a kwalta suka auna, ba a yashi ko laka ba.

Akwai abin da dillali ba zai gaya maka ba, wataƙila ma bai sani ba. Waɗancan lambobin duk na tirela mai birkin kanta ne. Tirelar da ba ta da birki kilo 750 kacal aka yarda a ja, ko wane inji ne a gaba. Tamu ta gida kuwa kusan duk ba birki ba fitila, sai sarƙa da addu'a. Tayar da kaya ba shi ne wahala ba Alhaji, tsayar da su ne. Ka sauko gangara akuya ta gitta ka taka birki, tan biyu da rabi na turo ka ta baya, motar da kanta tan biyu ce da kaɗan, wa zai tsayar da wa? Sannan kar wani ya ba ka shawarar ka riƙa cika tankin rabi don a rage nauyi, wannan ya fi hatsari, ruwan zai riƙa kai-komo a ciki yana jijjiga motar a kwana. Ko ka cika shi fal, ko ka sayi ƙarami, ko a saka masa shinge a ciki lokacin walda. Ƙugiyar jan kuma a jikin shasi ake ɗaure ta da noti, ba a bamba ba, na ga wanda ya yi walda a bamba ya iso gida da mota tirela ta kwana a daji.

Taura biyu kuma ba ta taunuwa, ba ka cika bodi da buhu sannan ka ja cikakken tanki a tafiya ɗaya ba. Akwai jimillar nauyin mota da tirela da kamfani ya yanke, a wasu Hilux ɗin kilo 5,850 ne, ka cire tirela mai tan uku da rabi ka cire nauyin motar, abin da ya rage bai wuce kai da yaranka biyu da buhu ɗaya ba. Bodin kansa wajen tan ɗaya aka yi shi, buhun masara goma kenan, har da direba a lissafin. Na sani, na sani, mutanenmu 20 suke jibgawa su ƙara ganyen sifirin su ce ai Toyota ce. Sifirin ka ƙara, ba ka ƙara wa aksul da birki da boris komai ba.

Shan mai. Abin da nake gani a motocin da ke zuwa wajena, mai fetur ba kaya tana cin lita 12 zuwa 13 a kilomita 100, mai gas 2.8 kuma 8 zuwa 9. In aka yi lodi ko aka ɗaura tirela ratar sai ta ƙara buɗewa don mai fetur dole ka yi ta zama a ƙaramar giya, za ka gan ta a 17 ko 18 ita kuma mai gas tana 12 ko 13. Dalili biyu ne, litar gas ta fi litar fetur ƙarfi da kashi goma da wani abu cikin ɗari, kuma injin gas yana matse iska sosai kafin ya ƙona man don haka ya fi tatsar abin da ke ciki. Tankinsu duka lita 80 ne, sai dai ɗaya ta fi ɗaya nisa da shi.

Ba zan kawo maka farashi ba don kafin ka gama karantawa ya canza, ga dai yadda za ka lissafa da kanka. A kilomita 1,000 mai fetur za ta sha kamar lita 130, mai gas kamar 90. To muddin kuɗin litar gas bai kusa kai na fetur sau ɗaya da rabi ba, mai gas ce ke da riba a gidan mai. Shi ya sa amsar da zan ba ka a 2022 ba ita ce ta yau ba. A lokacin fetur bai kai naira 200 ba saboda tallafi, gas kuma ya haura 700, duk wanda ya sayi mai gas a lokacin sai da ya yi kuka, ofisoshi da 'yan kwangila duk mai fetur suke saye shi ya sa ta cika gari. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 farashin biyun ya matso kusa da juna, lissafin ya juye.

Sai maganar ƙarko, kuma a nan nake so ka nutsu don nan ne kuɗin da ka tara a gidan mai kan iya tafiya a yini ɗaya.

2TR jaki ne. Ba turbo, sarƙa ce a taimin ɗinsa ba bel ba, fulogi huɗu da kwayil huɗu, duk garin da ka tsaya akwai yaron da ya taɓa kwance irinsa, kayansa kuma har a ƙananan kasuwanni. In ka sha gurɓataccen fetur zai yi tari ya yi gardama, a wanke nozul masu fesa mai a canza famfon tanki a ci gaba da tafiya. Ka ba shi baƙin mai a kan lokaci kar ka bari ya yi zafi, zai yi kilomita dubu ɗari huɗu bai ce maka komai ba. Ba banza ba direbobin da ke ratsa sahara daga Agadez suke son Hilux mai fetur, inda ba gareji abin da ba shi da tarkace shi ne abokin tafiya.

1GD shi ma inji ne mai kyau, shi ma sarƙa gare shi, amma ɗan gata ne, ba ya cin abincin kowane gida. Famfonsa yana tura gas da matsin da ya haura bar 2,000, ka tuna iskar tayarka bar biyu ce zuwa uku, kuma ramukan bakin nozul ɗinsa siririn gashi ne. Gas ɗin da kansa shi ne man da ke sa ƙarafan cikin famfon su yi santsi, to in aka haɗa shi da kananzir santsin ya tafi, in da ruwa a ciki tsatsa ta shiga. Bara wani bawan Allah ya kawo min tasa a kan igiya, tana kakkarwa tana farin hayaƙi kafin ta mutu gaba ɗaya. Na ce ina ka sha mai, ya ce dare ne ya yi masa a hanya ya sayi jarka biyu wajen 'yan bumburutu. Na kwance filta na juye abin da ke ciki a gorar ruwa na ajiye a kan benci, kafin mu gama gaisawa ruwa ya kwanta a ƙasa kusan yatsa biyu, gas ɗin na yawo a sama launinsa kamar shayin da aka sirka. Da muka buɗe layin man sai ga ɗan garin ƙarfe yana ƙyalli, famfon ya ci kansa ya watsa ko'ina. Nozul huɗu, famfo, wanke tanki da layi duka. Kuɗin da ya kashe ya isa ya sayi fetur na watanni, kuma fitilar gargaɗin ruwa ta kwana biyu tana kunne masa ya ɗauka wayarin ne.

Don haka tambayar da ta fi ta inji ita ce, a ina za ka riƙa shan gas? In daga Kano za ka cika a babban gidan mai guda ɗaya da ka yarda da shi, ka je gona ka dawo bai ƙare ba, to ba ka da matsala. In direba za ka ba wa kuɗi a hannu ya sha inda ya ga dama ya riƙe canji, wallahi ka sayi mai fetur ka huta.

Ka kuma leƙa ƙarƙashin motar ka tambayi daga wace ƙasa ta zo. Waɗanda aka yi wa Turai da Ostareliya suna da tukunyar tace hayaƙi a salansa, DPF, wasu har da tankin AdBlue, ruwan da ke rage gubar hayaƙi, an yi su ne don gas mai tsabta irin nasu wanda sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Tukunyar nan tana son doguwar tafiya don ta ƙone toka, in zirga-zirgar gona ce a giya ta biyu sai ta toshe mota ta ƙi gudu, ko a can Ostareliya sai da maganarta ta kai kotu. Wadda aka yi wa kasuwar Afirka ko ƙasashen Larabawa ta fi dacewa da mu.

Na san wani zai ce to me ya sa ba za a nemi tsohon inji ba. Gaskiya ne akwai 5L, mai lita 3.0 marar turbo, da 1HZ mai 4.2 na Land Cruiser a-kori-kura, wannan dangin motar da sojojin Chadi suka kori tankokin Libiya da ita a 1987 har yaƙin ya ci sunan Toyota. Waɗannan ba su da tsirfa, gas ɗin da zai kashe 1GD su za su haɗiye su yi gyatsa. Amma 5L dokinsa bai kai 100 ba, Nm ɗinsa bai kai 200 ba, ko mai fetur ɗin ta fi shi, in ka matsa masa da tan biyu da rabi a zafin Afrilu kan silinda zai tsage. 1HZ kuma motarsa kuɗinta wani abu ne daban. A tsakiya akwai 2.5 da 3.0 na Hilux ɗin kafin 2015, 2KD da 1KD, in ka samu mai lafiya ba laifi, sai dai su bel ne a taimin ɗinsu ana canzawa a kilomita 150,000, kuma wosha ɗin ƙarƙashin nozul ɗinsu in ya fara yoyo baƙin mai yana daskarewa ya toshe rariyar famfo inji ya buga ba sallama. Tunda ba su cikin ukun da aka kawo maka bari in bar su haka.

Ni dai in kuɗina ne kuma aikin nan naka zan yi, 2.8 mai gas zan ɗauka, mai jan ƙafa huɗu, giyar hannu, da sharaɗin ni ke shan mai da kaina ko ɗana. Zan ƙara mata filta ta biyu mai raba ruwa kafin ta kamfani, in riƙa tsiyaye ta duk sati, baƙin mai duk kilomita 5,000 ba na jiran abin da littafi ya ce don littafin bai san ƙurar hunturu ba. Filtar iska a canza ta, a daina hure ta da kwamfuresa har ta yage. Lagireto a zuba masa ruwansa na kanti ba na rijiya ba, kuma duk bakaniken da ya ce zai cire maka tamostat wai don ƙasarmu da zafi ka karɓi makullinka. In ka dawo daga jan tanki ka bar ta tana aiki minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, turbo ya huce. In otomatik ce ta samu ba laifi, tana da daɗin ja a yashi ma, amma kar ka bar ta a D tana ta neman giya ta shida da tirela a baya, ka riƙe ta a ta huɗu, zafi ne ke kashe giyar otomatik.

In kuwa sharaɗin man nan ba zai yiwu ba, ɗauki 2.7 ɗin ka rage tankin zuwa lita 1,000 ka yi sawu biyu. Za ka sha mai fiye da haka, amma buhu goman ka za ta kai Dawanau lafiya lau.

Kafin ka biya ko sisi, ka ce a bar motar ta kwana ba a tayar ba, ka je da sassafe ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar da sanyi, don dillali in ya san nozul sun gaji yakan ɗumama ta kafin ka iso. Lafiyayya bugu ɗaya take tashi, ɗan hayaƙi kaɗan ya wuce. Tana aiki ka buɗe murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba, in yana rawa kaɗan ba komai, in iska na cilla shi sama ringi sun tafi. Lambar kilomita da ke dashbod kar ka yarda da ita, ka duba robar feda da sitiyari da kujerar direba su ba sa ƙarya. A sa mata kwamfuta a karanta nozul ɗaya bayan ɗaya, minti goma ne. Ka turo min hoton takardar jikin ƙofa da na ƙarƙashin salansa in gaya maka ko tana da tukunyar nan, sannan ka tambayi mai waldan tirelar ko zai iya saka mata aksul mai birki, in ya ce ba ya iyawa a nemi wani tun kafin ya yanka ƙarfe.